Hannun da ya ɗinka rigar Sallah



A kowace shekara, da zarar goman ƙarshe na watan azumi ya kama, kasuwanninmu kan cika maƙil, tun daga Babbar Kasuwar Yamai har zuwa ta Maraɗi da ta Damagaram. Maigida na lissafin abin da ke aljihunsa, uwargida na auna tsawon yaro da tafin hannu don kada a sayo abin da zai yi masa kaɗan, mai kaya kuma na rantsuwa cewa ko uwar kuɗinsa bai mayar ba. A irin wannan yammaci ne muka tsaya gaban wani mai teburin kayan yara, muka ɗauki ƴar riga da wando masu kyawun ɗinki, aka ja ciniki har aka sallama mana a jika biyu da rabi. Sai da muka iso gida idonmu ya faɗa kan ɗan ƙyallen da ke wuyan rigar, inda aka rubuta sunan ƙasar da aka yi ta: Bangaladash. Nan muka shiga lissafi. An noma auduga, an kaɗa zare, an saƙa, an rina, an yanka, an ɗinka, an sa maɓalli, an ɗora a jirgin ruwa ya ratsa teku, an biya kuɗin duwan, babbar mota ta kwana a hanya, dillali ya ci ribarsa, mai tebur ya ci tasa. To, a cikin jika biyu da rabi, nawa ya rage wa wanda ya zauna gaban keken ɗinki?

Mun tashi a gidan da ake kawo tambayoyi. Bayan sallar la'asar mutane kan taru a zauren mahaifinmu, kowa da abin da ya shige masa duhu. Wannan ya tambayi hukuncin naman gwangwani, wancan ya kawo alewar da aka ce akwai kitsen alade a ciki, wani ya zo da kwalbar turare yana son sanin ko ya halatta ya shafa ya yi salla. Tambayoyi ne masu kyau, kuma alama ce ta tsoron Allah. Sai dai a duk shekarun da muka yi muna kai wa baƙi ruwa a wannan zaure, ba mu tuna ranar da wani ya ɗaga riga ya ce: Malam, shin wanda ya ɗinka wannan an biya shi haƙƙinsa? Mun iya binciken abin da aka zuba a cikin kaya, amma ba mu saba tambayar abin da aka yi wa mutumin da ya yi kayan ba.

Bashin rufi 600

A garin Muridke, kusa da birnin Lahor na ƙasar Pakistan, an yi wani yaro mai suna Iqbal Masih. Yana da shekara 4 gidansu suka karɓi rancen rufi 600 daga wani mai masaƙar kafet, aka miƙa yaron ya yi aiki har bashin ya biya. A can suna kiran wannan tsari peshgi, wato kuɗin da ake bayarwa tun gaba. Yadda abin yake tafiya shi ne, ladan yaron na yini bai kai ya taɓa uwar bashin ba, ga kuɗin abinci ana ɗora masa, ga tarar kuskuren saƙa, ga sabon rance duk lokacin da gida ya shiga matsi. Kafin Iqbal ya kai shekara 10, rufi 600 ya zama 13,000. Ya riƙa ba da labari daga baya cewa tun asuba suke durƙusawa gaban masaƙa har dare, wani lokaci a ɗaure da sarƙa. Masu irin wannan sana'a kan ce ƙananan yatsu sun fi iya ƙulla zare mai laushi. Mu dai a ganinmu yaro ya fi arha ne, kuma ba ya musu.

A shekarar 1992 Pakistan ta kafa dokar da ta haramta bautar bashi, ta kuma yafe irin waɗannan basussuka. A wannan shekara Iqbal ya kuɓuta da taimakon wata ƙungiya mai fafutukar ƴanto bayin bashi, ya shiga makaranta, ya riƙa zagayawa yana faɗa wa sauran yara cewa doka ta sake su. A 1994 aka kai shi Suwidin da Amurka, aka ba shi lambar yabo a birnin Boston. Ranar 16 ga Afirilu 1995 aka harbe shi yana kan keke kusa da garinsu, yana da kimanin shekara 12. Ƙungiyarsa ta zargi masu masaƙun kafet, ƴan sanda kuma suka ce wani saɓani ne dabam. Iqbal ɗan gidan Kirista ne, kuma wannan bai rage komai daga nauyin abin da aka yi masa ba. Abin da ya ƙara mana shi ne kunya, domin a ƙasar musulmi aka yi, a unguwannin da ake kiran salla sau biyar.

Ƙwallon da yaranmu ke bugawa ma da nata labarin. Birnin Siyalkot, shi ma a Pakistan, shi ne ya riƙa fitar da mafi yawan ƙwallon da ake ɗinkawa da hannu a duniya. Ƙwallo ɗaya yanki 32 ce, ana haɗa su da allura biyu da zare mai kakin zuma, gwani kuma ba ya wuce uku ko huɗu a yini. Ba a cikin ma'aikata ake ɗinkin ba. Ɗan kwangila kan kai yankunan ƙauye, ya raba gida gida, ya dawo ya biya bisa adadin da aka gama, don haka uwa da ƴaƴanta sai su zauna su haɗa hannu. A 1996 wata mujallar Amurka mai suna Life ta buga hoton wani yaro ɗan shekara 12 yana ɗinka ƙwallo mai tambarin Nike, duniya ta ɗauka. Hukumar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara kimanin 7,000 masu shekara 5 zuwa 14 ne ke wannan aiki. A watan Fabarairu 1997 aka ƙulla yarjejeniya a birnin Atlanta tsakanin hukumar da UNICEF da ƴan kasuwar Siyalkot, aka kwashe ɗinkin daga gidaje zuwa cibiyoyi masu rajista inda masu sa ido za su iya shiga ba tare da sanarwa ba. Yara sun ragu ƙwarai a wannan sana'a. Amma matan da ke cikin kulle, waɗanda a da suke samun na cefane daga tsakar gidansu, da yawa ba su iya fita zuwa cibiyoyin ba, kuɗin shigar gidajensu ya ragu. Duk wanda ya san zaman gidajenmu ya san ma'anar wannan.

Korar da ba ta zama ceto ba

A nan ne ya kamata mai saurin fushi ya dakata. Abu na farko da kan zo wa mutum idan ya ji irin waɗannan labarai shi ne a daina sayen kayan, a kori yaran daga ma'aikatu. An gwada. A 1992 wani ɗan majalisar dattawan Amurka, Tom Harkin, ya gabatar da ƙudurin hana shigo da duk kayan da yara suka yi. Ƙudurin bai zama doka ba, amma tsoronsa kaɗai ya sa masu ma'aikatun tufafi na Bangaladash suka sallami yara kimanin 50,000, yawancinsu mata. Da UNICEF ta bi sawunsu, sai ta tarar ba makaranta suka tafi ba. Wasu sun koma fasa dutse, wasu yawon titi, wasu kuma sun faɗa abin da ba ma son ambata a shafin da iyali ke karantawa. Talaucin da ya kai su gaban keke yana nan inda yake, ƙofa ɗaya kawai aka rufe musu. Sai a 1995 aka yi gyara, aka amince cewa ba za a sallami yaro ba sai an samar masa gurbi a makaranta, tare da ɗan tallafin taka 300 a wata don rage wa iyaye asara.

Wanda ya karanci Muwaɗɗa ta Imamu Malik ba zai yi mamaki ba. A ciki an ruwaito cewa Sayyidina Usmanu ɗan Affan, Allah ya ƙara masa yarda, ya hana a cikin huɗuba a ɗora wa ƙaramin yaro nauyin nemo kuɗi, saboda in bai samu ba zai kai hannu ga sata, ya kuma hana a tilasta wa baiwar da ba ta da sana'a ta kawo kuɗi, saboda abin da hakan zai jefa ta ciki. Halifa ya dubi inda yaron zai faɗa, ba aikin kaɗai ba.

Rana Plaza

Ba yara kaɗai wannan kasuwa ke ci ba. Turawa na da suna ga wuraren da ake tara ma'aikata a ƙuntace, a tsawaita musu awanni, a biya su abin da bai kai ya kawo ba, ma'anar sunan kuwa ita ce shagon gumi. Shekarar 2012 da ta 2013 sun nuna wa duniya abin da ke cikinsu. A watan Satumba 2012 gobara ta kashe mutum fiye da 250 a ma'aikatar Ali Enterprises ta birnin Karaci, inda tagogi ke da ƙarafa, ƙofofin fita kuma a kulle. A watan Nuwamba wata gobarar ta kashe aƙalla 112 a ma'aikatar Tazreen kusa da Dakka.

Sannan aka zo kan Rana Plaza, bene mai hawa 8 a garin Sabar, bayan birnin Dakka, mai ɗauke da ma'aikatun tufafi 5. An ɗora hawayen sama ba bisa izini ba, aka kuma girka manyan injinan wuta a kansu. Ranar 23 ga Afirilu 2013 bango ya tsage, aka kira injiniya ya duba ya ce ginin ba shi da aminci. Bankin da ke ƙasa da shaguna suka rufe, suka sallami mutanensu. Su kuwa masu ɗinki, washegari da safe aka ce su shiga, wanda ya ƙi ya yi asarar albashin wata. Mafi ƙarancin albashi a lokacin taka 3,000 ne, kusan jika 19 na kuɗinmu. Saboda wannan suka hau. Wajen ƙarfe 9 wuta ta ɗauke, aka tada injinan, ginin ya girgiza ya rufta. Mutum 1,134 suka rasu, kimanin 2,500 suka ji rauni, mafi yawansu mata matasa da suka baro ƙauye don su riƙa aika wa iyaye wani abu. Wata mai suna Reshma sai bayan kwana 17 aka zaƙulo ta da rai. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba iyalansu haƙuri.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne bankin nan. Tsagar bango ɗaya kowa ya gani, gargaɗi ɗaya kowa ya ji. Ma'aikacin banki ya koma gida, mai ɗinki ta hau bene, domin jirgin da zai ɗauki kaya ba ya jira, kuma kamfanin da ya ba da kwangila na da tarar da yake yanka idan an makara. A cikin ɓaraguzan an tsinci tambarin manyan kantunan Turai da Amurka ta Arewa. Wasu, irin su Primark da Benetton, sun zuba kuɗi a asusun diyya, wanda sai a watan Yuni 2015 ya cika dalar Amurka miliyan 30 da aka nema. Mai ginin, Sohel Rana, an kama shi kwana 4 bayan ruftawar yana neman tsallaka iyakar Indiya.

Gaskiya ne an samu gyara. A watan Mayu 2013 aka ƙulla yarjejeniyar kiyaye gobara da lafiyar gini, kamfanoni fiye da 200 suka sa hannu, aka binciki ma'aikatu fiye da 1,600, aka cire ƙarafan ƙofofi, aka gyara wayoyin lantarki, a 2023 kuma aka faɗaɗa tsarin zuwa Pakistan. Faransa ta yi doka a 2017 wadda ta wajabta wa manyan kamfanoninta sa ido kan abin da ƴan kwangilarsu ke yi a ƙetare. Mafi ƙarancin albashi ya tashi zuwa taka 5,300 a ƙarshen 2013, zuwa 8,000 a 2018, zuwa 12,500 a ƙarshen 2023, bayan zanga-zangar da aka rasa rayuka a cikinta. Ba kyauta aka ba su ba.

Sai dai duk wannan ya shafi ma'aikatun da ke yi wa manyan kantuna aiki ne, waɗanda ke tsoron sunansu ya ɓaci. A ƙarƙashinsu akwai ƙananan shaguna marasa rajista, inda babbar ma'aikata kan tura ragowar aiki a ɓoye idan lokaci ya ƙure. A unguwar Keraniganj, ƙetaren kogin Buriganga daga tsohon birnin Dakka, akwai dubban irin waɗannan ɗakuna, yawancinsu suna ɗinka wa kasuwar cikin gida. Yara maza daga ƙauye na aiki a ciki, suna kwana gefen keken. Lokacin da aiki ya fi yi musu yawa kuwa shi ne gabanin Sallah, Sallar nan tamu. Kayan da ke isowa teburin kasuwanninmu, ko ta Dubai suka biyo, ko ta Sin, ko a cikin dilar gwanjo, da yawansu ba su da wani suna da mai shi zai ji tsoron ɓatawa. Ɗan ƙyallen wuyan riga sunan ƙasa yake faɗa, ba ya faɗin shekarun mai ɗinki.

To, me ya hau kanmu?

Ba fatawa muke bayarwa ba, wannan aikin malamai ne. Abin da muka koya a gabansu shi ne, kayan da ke kasuwa asalinsu halal ne matuƙar ba a san wani abu takamaimai a kansu ba, kuma ba a ɗora wa magidanci mai ƴaƴa bakwai ya bar rigar jika biyu ya nemi ta jika goma. Labarin yaran 1992 ya kuma nuna cewa ƙaurace wa kaya ba tare da tanadi ba talaka yake fara kayarwa. Miliyoyin mata a Bangaladash da wannan ɗinki suke ciyar da gida, kuma abin da suka fita titi suna nema shi ne a ƙara albashi a gyara gini, ba a daina saye ba.

Amma addinin da ya yi mana sauƙi a wajen saye bai yi sauƙi ba a wajen ɗaukar ma'aikaci. A Risala ta Ibnu Abi Zaid, wadda yaranmu ke karantawa a zaure, sharaɗin ijara shi ne a san wa'adi a kuma ambaci lada. A Sahihul Buhari an ambaci mutum uku da Allah da kansa zai yi husuma da su ranar alƙiyama, ɗayansu wanda ya sa ma'aikaci aiki, ya karɓi aikin cikakke, ya hana shi ladansa. A hadisin Abu Zarri kuma an umurci mai hidima da kada ya ɗora wa na ƙarƙashinsa abin da ya fi ƙarfinsa. Masu ma'aikatun Karaci da Dakka sun san waɗannan nassoshi kamar yadda muka san su.

Alƙaluma ma ba su bar mana wurin nuna yatsa ba. A shekarar 2000 Hukumar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta yara miliyan 246 na aikin da ke cutar da su ko ke hana su karatu. A 2024 adadin ya sauko zuwa miliyan 138, kuma Asiya ce ta fi rage nata. Miliyan 87 daga cikinsu, kusan kashi biyu cikin uku, a Afirka kudu da Sahara suke, mafi yawa a aikin gona. Wani bincike da aka fitar a 2020 ya ƙiyasta yara miliyan 1.56 a gonakin koko na Kodibuwa da Gana. A nan gida, an daɗe da sanin yara a ramukan zinariya na Komabangu. Nijar ta amince da yarjejeniya mai lamba 182 kan mafi munin ayyukan yara tun shekarar 2000, amma takarda ba ta shiga rami.

Kada a fahimce mu a baibai. Yaron da ya bi ubansa gona da damina, ko yarinyar da ta taya uwarta daka, ba su ake nufi ba. Koyon sana'a gado ne, kuma da shi maƙera da majema da masaƙanmu suka rayu. Ana gane bambancin da tambayoyi kaɗan: shin aikin ya bar masa lokacin allo da na lakol, shin yana barci ya ƙoshi, shin an ambaci abin da za a ba shi kuma yana isa hannunsa, shin bayan shekara uku ya iya abin da bai iya ba a farko? Wannan ma'auni ya hau kan ɗakin Keraniganj, ya kuma hau kan ƴar aikin da aka kawo mana daga ƙauye, wadda ke tashi kafin kowa ta kwanta bayan kowa, kuɗinta kuma na tafiya hannun wadda ta kawo ta.

Mu kanmu ba mu tsira ba. Sallar bara sai ranar 25 ga azumi muka kai wa telanmu shadda, muka kuma riƙa aike muna matsa masa. Daren Sallah wajen ƙarfe ɗayan dare muka je karɓa. A gefen shagon muka ga wani yaro da bai wuce shekara 11 ba, barci ya kwashe shi a kan tarin ƙyallaye, allura na hannunsa, maɓallan kaftaninmu biyu ba a kai ga sa su ba. Maigidansa ya daka masa tsawa, ya farka ya ƙarasa, muka karɓa muka yi godiya muka tafi. Da wannan kaftani muka tsaya sahun gaba a filin idi.

Bana tun Sha'aban muka kai ɗinki. Telan ya yi dariya ya ce: "Ɗan Liman, lafiya? Ko tafiya za ka yi?" Yaron na nan, ya ɗan ƙara tsawo, yana hura gawayin dutsen guga. Muka tambaye shi shekararsa nawa a shagon, ya ce wannan ce ta uku. Muka ce ko ya fara hawa keke, sai ya dubi maigidansa bai ce komai ba. Telan ya ce ai koyo yake yi, ana ba shi abinci da goron Sallah, keke kuwa sai aiki ya lafa. Muka ce: "Maigida, yaushe aiki ke lafawa?" Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce bayan ƙaramar Sallah zai fara ba shi wando ya gwada, kuma zai riƙa sakinsa da la'asar ya je makarantar allo. Mun ce masa za mu kawo yadin wandon da kanmu.